Gobarar Los Angeles: kuɗin 'yan kwana-kwana ko tafiyar Ghana?

Malamin Firamare: Jama'a, har yau abin yana ci mini rai. Gobarar da ta tashi ranar 7 ga Janairun 2025 ta cinye gine-gine sama da 16,000 a yankin Los Angeles. Kafin nan an zaftare dala miliyan 17.6 daga kasafin 'yan kwana-kwana. Tafkin ajiyar ruwa na Santa Ynez babu ko ɗigo, wai ana gyara. A unguwar Palisades masu kashe wuta suna buɗe famfo iska ke fitowa. Ita kuwa magajiyar gari Karen Bass tana can Ghana tana yawo.

Ɗan Zongo: Malam, janye kalmar nan. Zuwa bikin rantsar da Shugaba Mahama na Ghana ne yawo? Biden ne ya tura ta cikin tawaga.

Mai Shago: An yi gargaɗin iskar Santa Ana mai ƙarfi, ta kama hanya. Ko a garinmu, wanda ya bar gida bayan an ce masa wuta na tafe, yawo ya tafi.

Ɗan Zongo: To Tinubu ma yana wajen. Shi ma yawon ne?

Mai Shago: Kada ka sako Najeriya, ɗan'uwa. Ku dai ba a taɓa Ghana a gabanku.

Hajiya: Yarana, ku dakata. Gobarar Eaton a garin Altadena da ke kusa da Los Angeles ta yi ɓarna, kuma Altadena ba ta ƙarƙashin magajiyar garin. Busasshen daji da iska irin wannan, ko tana gida me za ta tare? Share ciyayi a gefen gidaje da binne wayoyin lantarki, aikin shekaru ne.

Malamin Firamare: Hajiya, ni kuɗin nake magana.

Ɗan Zongo: Ka fara janye "yawo" tukuna. Ka taɓa zuwa Akara?

Mai Shago: Sai mutum ya je Akara zai yi magana?

Shugaban Zaure: Na rufe nan. Abin da muka fahimta shi ne tafiyar aiki ce ta hukuma, kuma bai dace a ci mutuncin 'yan'uwanmu na Ghana ba. Ni kaina a Kumasi na yi karatun allo, na san karamcinsu. Mai Shago, a gyara harshe. Maganar kasafi, Malam ya kawo ta wani lokacin.