Dalgona: wane suna za mu ba ta da Hausa?

Masu son gahawa, ku matso. A kullen korona na 2020, da aka rufe wuraren shan gahawa a ƙasashe da dama, mutane suka koma haɗa wata iri a gida, hotunanta suka cika TikTok da Instagram. Sunanta dalgona. Har yau ban ji ta da sunan Hausa ba.

Sunan daga Koriya ta Kudu ya fito. A can dalgona wata alewa ce ta sukari da ake sayarwa a bakin titi. A Janairun 2020 ɗan wasan kwaikwayo Jung Il-woo ya sha wannan gahawa a Macau, wani yanki na China, cikin wani shirin talabijin, ya ce ɗanɗanonta ya tuna masa da alewar. Shi ke nan suna ya bi ta. To mu da ba mu san alewar ba, me sunan zai gaya mana?

Haɗin ba wuya: cokali 2 na Nescafe, 2 na sukari, 2 na ruwan zafi. A yi ta juyawa da ƙarfi har ya tashi daga baƙi ya koma ruwan ƙasa mai haske, ya yi kaurin da in ka kifa cokali ba zai zubo ba. Sai a ɗora kan madara mai sanyi. 'Yan Koriya kan ce sai an juya sau 400. Garin gahawar da ake dafawa ba ya yi, sai irin mai narkewa nan take.

A neman suna, kalmar "kofi" na fara cirewa. Kofi abin shan ruwa ne, kofi kuma kwafin takarda, ga na sha. Ka ce "ba ni kofin kofi" ka ji yadda ya fita. Gahawa ta ishe mu.

Wata 'yar'uwa ta kawo "gahawa mai kumfa". Hajiya, ai ko mai shayi ya ɗaga hannu ya tsiyayo daga wannan kofi zuwa wancan, kumfa za ta taso. Sunan ya yi faɗi.

Wani ya ce "bugaggiya", tunda ana buga ƙwai. Malam, ka san abin da ake nufi da bugagge a unguwa. A bar wannan.

"Kaɗaɗɗiya" ta yi ma'ana, daga kaɗa nono, amma tana da nauyi a harshe, kuma shi kaɗin nono mai ake nema ya ware, nan kuwa so ake komai ya haɗe.

Ni dai na tsaya kan "burgaggiyar gahawa", a taƙaice burgaggiya. Aikin maburgi ne sak: ka sa shi tsakanin tafuka biyu ka murza, yadda ake burga miyar kuka. Wanda ba shi da injin kaɗawa ma maburgin kicin zai yi masa, a dai wanke shi sosai kada daddawa ta shiga.

Mutanen Damagaram da Maraɗi, ku da kuka fi mu hulɗa da Faransanci, akwai sunan da kuke kiranta da shi a can?