Koriyogirafi: me za mu kira shi da Hausa?

Daga Samaru:
Salamu alaikum. 'Yan uwa, ina neman agaji. Ina fassara takardar shirin wasan da ajinmu zai yi, sai na ci karo da koriyogirafi, wato aikin wanda ke zama ya ƙirƙiri motsin da 'yan rawa za su yi: wa zai fara, ina za a juya, yaushe layi biyu za su haɗe. Na rubuta "koyar da rawa", amma zuciyata ba ta kwanta ba.

Daga Tudun Wada:
Ƙanwata, zuciyarki ta yi gaskiya. Mai koyarwa yana iya koyar da abin da ya tarar. Wanda kike nufi shi ne ya fara haifar da abin. Ni "tsara taku" nake cewa.

Daga Ƙofar Doka:
Yaya, taku ai na ƙafa ne. Ka taɓa tsayawa ka kalli 'yan koroso? Kafaɗa na aiki, ƙugu na aiki, wani ma ya ɗaga abokinsa sama. In ka ce taku ka bar rabin jiki a waje.

Daga Kongo:
Bari in ɗan koma baya. Kalmar daga Girkanci take, guda biyu aka haɗa: rawar taro da rubutu. A 1700 wani Bafaranshe, Feuillet, ya fitar da littafin da ake zana takun rawa da alamomi a takarda, kuma a lokacin ma'anarta ke nan, rubuta rawa. Daga baya ne ta koma nufin ƙirƙirar rawar kanta. To in asali muke bi, "rubutun rawa" ne.

Daga Ƙofar Doka:
Allah ya gafarta Malam, in na ce wa kakata wane yana rubutun rawa, cewa za ta yi a kawo allon a wanke ta sha.

Daga Kongo:
Ja'iri! Na karɓa. A ajiye "rubutun rawa" don alamomin takarda kawai, irin wanda wani Bature masanin rawa, Rudolf Laban, ya fito da shi a 1928.

Daga Sabon Gari:
Ni tela ce, saƙa da ɗinki na sani, shi ya sa "saƙar rawa" ta fi kwanta mini. Mutum ashirin a fili, wannan ya shige, wancan ya fito, kamar zare a masaƙa. Amma na san ba za ta shiga bakin mutane ba. Abin da baki ya riga ya saba da shi shi ne tsari. Ku duba hawan Daushe: kowane hakimi da inda tawagarsa za ta shigo, da lokacin da za ta kai gaisuwa ƙofar fada. Ba wanda ke cewa an koyar da hawa, cewa ake an tsara shi. Don haka aikin "tsara rawa", abin da ya fito "tsarin rawa", mai yi kuma "mai tsara rawa".

Daga Tudun Wada:
Hajiya, a gidan biki "tsarin rawa" zai iya zama jerin wanda zai fito fili, dangin ango sannan ƙawayen amarya.

Daga Sabon Gari:
Wannan jerin fitowa ne, Alhaji, sunansa daban.

Daga Samaru:
Na gode, iyayena da yayyena. Na sa "Tsara rawa" a gaban sunan abokin aikinmu. Hajiya, "saƙar rawa" kuma na ɗauke ta, ita ce sunan wasan yanzu, in kin yafe.