Giwaye Sun Cinye Gonar Kawuna, Wa Zai Biya?

Ɗan Gona: Assalamu alaikum. Jama'a, raina a ɓace yake. Daren Talata giwaye suka fito daga gandun dajin da ke maƙwabtaka da ƙauyenmu, suka faɗa gonar kawuna. Dawa ta nuna, saura kwanaki a yanke. Da asuba muka tarar da kara a kwance kamar an yi birgima a kai, sawu kowanne ya kai faifai, ga kashinsu tuli-tuli. Tsoho ya tsaya ya kasa cewa uffan. Mun kai kuka, an rubuta sunansa a takarda, har yau shiru. Tunda gwamnati ta ƙwace dajin kakanninmu ta ba dabbobi, wajibi ne ta riƙa biyan diyya.

Tsohon Malamin Daji: Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri. Amma ɗana, janye kalmar nan "ƙwace". Keɓewa aka yi. Ɗauki Yankari: a 1956 aka keɓe shi, a 1962 aka buɗe wa masu ziyara. Ba don haka ba, da yau yaranmu a hoto kawai za su san giwa.

Ɗan Gona: Baba, da girmanka, in aka hana ka shiga inda kakanka ya yi farauta ya ɗebi zuma, mene ne sunan abin?

Malama Mai Alli: Ƙwace shi ne a fizge abu daga hannun mai shi. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamna. Mutum yana ƙwace abin da ke hannunsa ne?

Autan Mama: Haba Anti! 1956 ta riga 1978 da shekara 22. Lokacin Turawa ke mulki. Wane talaka aka tambaya?

Malama Mai Alli: Kai ka san ba a tambaya ba? Kawo shaida.

Autan Mama: Ke kawo shaidar an tambaya.

Ɗan Yakubu Na Asali: In ƙwace kuke nema, ga shi: a 1991 tarayya ta ɗauke Yankari ta mayar da shi nata. Sai 2006 ya dawo hannun Bauchi. Ku zo Wikki da ke cikin Yankari ku shiga ruwan ɗumin nan, garau har kana ganin yashin ƙasa, ku faɗa mini wace jiha ke da irinsa.

Bakano: Yaya, a rage cika baki. Da jiha ta isa ita kaɗai, me ya kawo ƙungiyar WCS mai kare namun daji cikin aikin tsaron dajin a 2014? Mu a Kano, dajin Falgore na cikin gandaye 10 da Buhari ya amince a 2020 su koma na tarayya, kuma mun yi murna.

Ɗan Yakubu Na Asali: Giwa nawa ce a Falgore? Ku ji da kasuwa, ku bar mana maganar daji.

Jikan Arɗo: Kowa na kukan dawa, ba mai tuna saniya. Mu ne aka fi ƙwacewa. An cinye burtali da noma, makiyayar da dokar 1965 ta tanada yawanci ta zama gonaki. Rani ya yi, yaro ya kora shanu inda ya ga ɗanyar ciyawa, a kama shi a ci tara. A Gashaka-Gumti, wanda ya fi kowane gandun tarayya girma, akwai wuraren da aka bar makiyaya suna zaune a ciki. Me zai hana a yi haka ko'ina?

Autan Mama: Shanunku ma ai sun fi giwa ɓarna. Giwa sau ɗaya take zuwa.

Jikan Arɗo: Yaro, iya bakinka. Ban zagi manomi ba.

Tsohon Malamin Daji: Na kwana a sintiri da takalmi ɓararre, na kwance tarkon waya daga ƙafar gwanki, ƙafar ta riga ta ruɓe, ƙudaje sun baibaye ta. Ku da kuke cewa ƙwace, Sambisa ma gandun namun daji ne a da. Ku dubi Kamuku a Birnin Gwari. Dajin da gwamnati ta sake, ba manomi ke samunsa ba, mai bindiga ne.

Bakano: Baba, kenan sakaci ne, ba ƙwace ba ba keɓewa ba.

Malama Mai Alli: Sakaci daban, ƙwace daban. Kar a haɗa.

Shugaban Zaure: To, an rufe haka. Abin da ya fito fili: kalmar "ƙwace" ba ta dace ba, Baba da Malama sun tabbatar keɓewa ce bisa doka. Masu ja ba su kawo hujja ba. Ni mahaifina ma'aikacin daji ne, na san wahalarsu, don haka abin da ake buƙata shi ne ƙarin ma'aikata, motocin sintiri da albashi a kan kari.

Ɗan Gona: Ranka ya daɗe, diyyar fa? Rumbun kawuna babu ko dami ɗaya, kuma mutum 11 ke ci a gidansa.