Wai DNA da jin (gene) abu ɗaya ne?

Ɗan Fagge: Salam 'yan uwa, don Allah a taimaka min, a darasin bayoloji ana ta cewa DNA, jin, kuromosom, ni dai kaina ya kulle wallahi, wai duk abu ɗaya ne?

Maman Ilham: A'a ƙanena. DNA dogon zare ne mai igiya biyu a murɗe, da haruffa huɗu kacal aka rubuta shi, A T C G, kullum A na kama T, C na kama G. Jin kuma guntun yanki ne na zaren mai ɗauke da umarnin haɗa furotin, muna da jin wajen 20,000. In aka naɗe zaren shi ne kuromosom, 46 gare mu, 23 daga uwa 23 daga uba.

Abban Zariya: Ka dubi sikila ma, harafi ɗaya tak ya canza a kuromosom na 11, A ta koma T, shi kenan fa.

Ɗan Fagge: Kai, harafi ɗaya! To AS da AS fa Anti?

Maman Ilham: Kowane ciki yiwuwar SS 1 cikin 4 ce, lissafin sabo ne duk haihuwa, ana iya jera biyu ko uku ma. Ka yi gwaji tun kafin soyayya ta yi nisa.