Neman shawara: matar yayana 'yar Indonesiya ce, laulayi ya hana ta cin abincinmu

Ƙanwar Miji, Kano

Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina neman shawararku a kan matar yayana. Yaya ya yi karatun digirinsa na biyu a birnin Yogyakarta na ƙasar Indonesiya, a can Allah ya haɗa su aka ɗaura aure, bara kuma ya taho da ita Kano. Mace ce mai kawaici, duk abin da aka ajiye mata takan ci ta yi godiya, shi ya sa muka daɗe ba mu gane cewa ba ta ƙoshi ba. Yanzu tana da juna biyu na wata huɗu, kuma tun da laulayi ya kama ta tuwo ya daina wucewa, har ta fara ramewa. Da na matsa mata da tambaya, sai ta ce babu abin da ranta yake so sai farar shinkafa mai laushi da sambal, wato dakakken yajinsu na barkono, da soyayyen tempe, wani curi da suke yi da waken suya, irin yadda mahaifiyarta take yi.

Ashe tun a watan Afrilu ta gwada yin tempe sau biyu da garin ragi da ta zo da shi, wato abin da ake barbaɗa wa waken ya zama tempe, duka biyun waken ya yi yauƙi ya yi wari, ta zubar ba ta gaya wa kowa ba. Shinkafarmu ta buhu kuwa ta ce tana tsaya mata a wuya. Na sayo mata Indomie ina ganin na yi abin kai, tunda asalinta ta ƙasarsu ce, sai ta yi dariya ta ce sunan ne na gida, ɗanɗanon na nan ne. Kecap manis ɗinta, wato soya sos ɗinsu mai zaƙi, ya ƙare, terasi kuma, wani curin jatan lande da suke sa wa girki, saura ɗan gutsure, kuma ranar da ta gasa shi Hajiyarmu ta fito tsakar gida tana tambayar abin da ya mutu a kicin. Ni na yi niyyar in ba ta mamaki da rendang, naman nan da suke dafawa a madarar kwakwa, domin shi ne abincinsu da na fi jin sunansa. Don Allah da me za mu maye gurbin kayan da babu su a nan, kuma me ya lalata mata tempe?

Hajiya Maman Salim, Kaduna

Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya yi miki albarka da wannan kulawa. Na zauna a Jidda shekaru masu yawa, maƙwabtana na bene ɗaya mutanen Jawa ne, tsibirin da Yogyakarta take, a wurinsu na koyi abin da zan faɗa miki. Ki fara da shinkafa, domin a wurinsu wanda bai ci shinkafa ba bai ci abinci ba, ko da ya cika cikinsa da burodi. Shinkafar buhu da muke yin dafa-duka da ita turararriya ce, an gumama ta tun tana cikin ƙaiƙayi, shi ya sa take fita wara-wara. Su kuma ɗanya suke ci, mai laushi wadda take ɗan kama juna, suna ce mata pulen. Ki je wurin masu awo ki ce a ba ki shinkafar tuwo mai kyau wadda ba ta kakkarye ba, a tsince ta a wanke, a sa kofi ɗaya da rabi na ruwa ga kowane kofi, ba gishiri ba mai, idan ruwan ya tsotse a rage wuta a bar ta ta turara. Wannan kaɗai zai iya dawo mata da cin abinci.

Bayan haka, ranar da ta ji ƙarfin jikinta ki ɗauke ta ku shiga 'Yankaba da ƙafarku, kada ki riƙa yi mata cefane a bayan idonta. Za ki sha mamaki. Alayyahu shi ne bayam ɗinsu, zogale shi ne kelor, tsamiya ita ce asam jawa, kurkur shi ne kunyit, citta ita ce jahe, ganyen rogo kuma da mu ba mu cika kula shi ba miya ce babba a wurinsu. Awarar da yara suke saya a bakin makaranta ita ce tahu, ba wani abu ba ne daban, sai dai ki yi magana da mai yin ta ta riƙa cire muku ɗanya kafin ta zuba attaruhu da dunƙule. Maƙwabciyata takan yi wani romo da suke kira sayur bening, ruwa ne kawai da 'yar albasa da tafarnuwa da ɗanyar masara, a jefa alayyahu ko zogale a ƙarshe a sauke yana kore shar. Babu mai a cikinsa ko ɗigo, kuma na sha ganin mai laulayi ta shanye kwano guda.

Abin da ba za ki samu a kasuwarmu ba, kamar kemiri, wata ƙwaya mai maiƙo da suke dakawa a kayan miya, da ganyen ƙamshin da suke kira salam da terasi na ainihi, ki jira mai zuwa Umra. Akwai shagunan mutanen Indonesiya a Makka da Madina da Jidda, ta rubuta sunayen da hannunta a nuna wa mai shago.

Malam Abu Hafsat, Zariya

Hajiya ta gama magana a kan shinkafa, ni zan tsaya a kan rendang, kasancewar na yi karatu a Malang da ke gabashin Jawa. Ƙanwata, ki ajiye wannan niyya tukuna. Rendang abincin mutanen Minangkabau ne na yammacin Sumatra, wato yankin Padang, kuma ko a can abincin biki da salla ne. Kilo ɗaya na nama yakan ci madarar kwakwa uku zuwa huɗu, a yi awa huɗu ko fiye ana juyawa har ruwan ya ƙone ya koma mai. Matar yayanki ta san shi kuma za ta ci, amma kamar ki ga Bakatsine yana kewar gida ne ki kawo masa burabuskon Barno. Girkin Yogyakarta zaƙi-zaƙi ne, ƙashin bayansa kuwa kecap manis da sukarin kwakwa da suke kira gula jawa. Af, harafin c nasu daidai yake da namu, saboda haka yadda kika karanta kecap da Hausa haka suke faɗarsa.

Mazarƙwaila tana tsayawa a madadin gula jawa, duk da ita ta rake ce. Ki zaɓi mai duhu, ki narka ta ki tace saboda yashi. Kecap manis kuma za ku iya haɗa shi a gida: kofi ɗaya na soya sos ɗin kanti da kofi ɗaya na mazarƙwaila, da tafarnuwa biyu da aka fasa, a ɗora a wuta kaɗan kamar minti 15 ana juyawa, a sauke tun yana ɗan tsinke domin idan ya huce zai yi kauri kamar zuma. Ki duba jikin kwalbar soya sos ɗin, ki ɗauki mai tambarin halal. Da wannan za ta yi nasi goreng, wato soyayyar shinkafa, ta yi tahu bacem, wato awarar da ake dafawa a ruwan kwakwa da mazarƙwaila da kusbara har ta yi ja sannan a soya sama-sama.

Wajen sambal, attaruhunmu yana da wani ƙamshi da ba nasu ba, shambo ya fi kusa da barkonon da suke amfani da shi, sai a ƙara ƙananan barkono don yaji. A soya shi da tumatir da albasa da tafarnuwa, a daka a ƙaramin turmi ko a niƙa a dutse, kada a kai shi injin markaɗe ya zama miya. A madadin kemiri mun riƙa sa kashu ɗanye guda huɗu ko biyar. Lengkuas kuma, wata saiwa dangin citta, ana samun busasshensa a shagunan magungunan Musulunci da sunansa na Larabci, khulanjan, a jiƙa shi kafin a yi amfani da shi. Serai shi ne ciyawar nan mai ƙamshin lemun tsami da muke sa wa shayi, amma su gindin suke so ba ganyen ba, don haka ku dasa a bokiti. Sannan yayanki ya kai ta ta yi rajista a ofishin jakadancinsu da ke Abuja idan ba ta yi ba, domin ta nan za ta san 'yan ƙasarsu da ke Najeriya, musamman lokacin bikin samun 'yancin kansu na ranar 17 ga Agusta.

Malama Ummu Aisha, mai koyar da kimiyyar abinci

'Yar'uwa, da kika ambaci Afrilu na gane inda matsalar take. Abin da yake mayar da waken suya tempe wata farar funfuna ce mai suna Rhizopus, ita ce a cikin garin ragi, kuma ta fi son ɗumi na digiri 30 zuwa 32. Bayan kamar awa 15 ita kanta takan fara fitar da zafi, to idan ɗakin ya riga ya kai digiri 40 kamar yadda Kano take yi a bazara, sai ta mutu ƙwayoyin ruɓa su karɓe waken. Yauƙin da warin da ta gani ke nan. Yanzu da damina ta sauka lokaci ne mai kyau na sake gwadawa.

Ku sayi waken suya sabo, ku kai inji a ɓarza shi ya rabu biyu, a sheƙe ɓawon, wannan ya fi sauƙi a kan murzawa a ruwa. A jiƙa ya kwana, a dafa kamar minti 40 ya nuna amma bai fashe ba, a zuba cokali biyu na ruwan khal ga kowane kilo, a tsane a baza a faranti. Nan ne mutane da yawa suke kuskure: dole ne waken ya huce kuma jikinsa ya bushe, idan kin damƙa bai jiƙa miki tafin hannu ba, kafin a barbaɗa ƙaramin cokali ɗaya na ragi a cakuɗa sosai. A zuba a farar leda kaurinsa kada ya wuce yatsu biyu a kwance, a huhhuda ledar da tsinken sakace ko'ina, a ɗora a kan raga inda iska take shiga ta ƙasa, kada a jibga ɗaya a kan ɗaya. Idan kin taɓa kin ji ya fi jikin mutum zafi sosai, ki matsar da shi kusa da randa ko ki kunna masa fanka. Da hunturu kuma sai a lulluɓe shi da tawul. Cikin awa 36 zuwa 48 zai haɗe ya zama fari tas kamar an naɗe shi da auduga, yana ƙamshi mai daɗi.

Ɗan baƙi-baƙi a bakin hujin leda ba komai ba ne, funfunar ce ta fara tsufa. Amma idan kin ga ja ko ruwan hoda, ko yauƙi, ko wari mai hawa kai, a zubar ba tare da ɗanɗanawa ba, ballantana ga mai ciki. Kada kuma a haɗa tuƙar kwakwar da aka matse a cikin waken don ya yi auki. Akwai irin wannan da ake kira tempe bongkrek, wanda gubarsa ta kashe mutane a tsakiyar Jawa har hukuma ta hana yin sa a 1988. Ragin nata kuma idan ya shekara a cikin zafi a waje mai yiwuwa ƙarfinsa ya ragu, ku fara da rabin kilo ku gani, sauran a ajiye a firji.

Maman Khairat, Maraɗi

Ni a ganina daddawa za ta tsaya a madadin terasi, tunda duka biyun abin da aka bari ya ruɓa ne don ɗanɗano.

Malam Abu Hafsat, Zariya

A gafarce ni Maman Khairat, na gwada, sambal ɗin ya koma yajin daddawa. Terasi da ƙananan jatan lande da gishiri ake yin sa, don haka busasshen jatan landen da ake sayarwa a kasuwar Sabon Gari, wanda ake kira kirefish, shi ya fi kusa. A gasa shi kaɗan a kasko ba mai, a daka ya yi laushi. Inda namu yake shiga nasu sosai shi ne kwaɗo, domin pecel ɗinsu dafaffen ganye ne da miyar gyaɗa da tsamiya da barkono da ɗan zaƙi. Wanda ya iya kwaɗon zogale ya yi rabin tafiya.

Ƙanwar Miji, Kano

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Jiya da yamma na auno shinkafar tuwo, ita da kanta ta dafa, ta soya ɗanyar awara ta daka sambal da shambo. Ta zauna a tabarma ta ci da hannu, ta ƙara, har Hajiyarmu ta sa hannu ta ce ai wannan yaji ne mai hankali. Yau mun kai waken suya inji. Abin da ya rage mini shi ne maganar terasi, domin ta ce kirefish ya yi, amma wani lokaci ranta yana biya mata na gidan, kuma tana jin nauyin Hajiya.

Hajiya Maman Salim, Kaduna

Alhamdu lillahi, na ji daɗi. Maganar terasi mai sauƙi ce, 'yata. Maƙwabciyata takan naɗe shi a takardar alminiyam ta rufe ruf, ta gasa gaba ɗaya sau ɗaya a kan garwashi a waje, idan ya huce ta murmushe shi ta zuba a kwalba mai murfi. Daga nan sai ɗiba kawai, warin ba ya sake tashi kamar na farko. Ku yi haka a bayan gida ranar da Hajiya ta tafi unguwa, kuma ke ce za ki gaya mata tukuna, kada ki bar wa suruka wannan nauyin. Ki tuna mata da ladabi cewa baƙon da bai saba ba haka yake jin ƙamshin daddawarmu.

Ki kuma tambayi matar yayanki ko tana son rujak, domin shi ne abin kwaɗayin masu ciki a Jawa, har a bikin wata bakwai da suke kira mitoni ana yin sa. Ɗanyen mangwaro ko gwaba da kokwamba da abarba ake yankawa, a dangwala a haɗin mazarƙwaila da tsamiya da soyayyar gyaɗa da barkono da gishiri. Suna sa ɗanyar gwanda, amma ita a cire mata wannan har sai ta haihu, kuma idan kun je awo ku gaya wa ungozoma cewa ta rame a watannin nan domin a duba jininta.