Na bar aiki don renon yara, ya batun fanshona?

Maman Tagwaye: Assalamu alaikum. A Birtaniya muke, shekara uku ina gida da tagwaye. Albashin maigida ya haura fam 80,000, sai muka ƙi neman kuɗin tallafin yara tunda za a karɓe shi ta haraji. Yanzu an ce na yi wa fanshona illa. Gaskiya ne?

Yaya Babba: Wa'alaikumussalam ƙanwata. Gaskiya ne. Neman tallafin ne ke sa a riƙa rubuta miki shekarun inshorar ƙasa, wato shekarun da ake ƙirgawa wajen biyan fanshon gwamnati, har yaro ya kai shekara 12. Cikakken fansho yana buƙatar shekara 35, kuma in ba ki kai 10 ba, ko sisi. Ki cike fom ɗin neman tallafin, ki zaɓi kada a biya ki kuɗin. Kada ki ɓata lokaci, in kin nemi tallafin, wata uku kacal ake komawa baya a lissafa miki.

Abban Yara: Kuma ki sa sunanki, ba na maigida ba. Mu haka muka yi kuskure, sai da wani fom mai suna CF411A muka mayar wa uwargida shekarun.

Maman Tagwaye: Kai! Yau zan cike, in sun yi barci. Allah ya saka da alheri.