Sabon shirin manyan dodanni: in biya kuɗin shekara ko in jira ya kammala?

Mai Neman Shawara:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tun ranar da na ga tallar sabon shirin zane mai motsi na manyan dodanni, irin waɗanda Japanawa ke kira kaiju, na kasa cire shi daga raina. Manhajar da za ta nuna shi ba ta cikin waɗanda nake biya, kuma kashi ɗaya za a riƙa saki duk mako. Shin in biya kuɗin shekara tun yanzu domin in bi shi yana fitowa, ko in yi haƙuri har zangon farko ya ƙare, sannan in biya na wata guda in kalle shi a jere?

Tsohon Mai Kallo:
Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin ka kashe kuɗinka, ka fara neman fim ɗin Godzilla na 1954, wanda kamfanin Toho ya fitar, Ishiro Honda ya ba da umarni. A watan Maris na 1954 ɗin ƙurar gwajin bam ɗin nukiliya da Amurka ta yi a tsibirin Bikini ta zuba kan wani jirgin masunta na Japan, shekara tara bayan jefa bam ɗin nukiliya a biranen Hiroshima da Nagasaki. Daga wannan tsoron dodon ya fito, kuma wanda bai san haka ba, rushewar gine-gine kawai zai gani.

Uwar Tagwaye:
Ɗan'uwa, kada ka biya kuɗin shekara, domin ni na taɓa yi kuma har yau abin yana ci mini rai. Wani shirin dodanni ne na ga tallarsa, na biya shekara guda saboda shi kaɗai, sai aka ɗage ranar fitowarsa har sau biyu, watannin da na biya suna ta tafiya. Da ya fito na bi shi mako-mako, 'ya'yana suna zaune kusa da ni, har muka kai kashi na ƙarshe, inda babban dodon da aka yi ta ambato ya ɗago kansa daga teku, aka yanke. Mun jira zango na biyu, shiru. Ƙaramin ɗana ya daɗe yana tambayata yadda aka ƙare, ni kuma ba ni da amsar da zan ba shi. Daga baya ma sai na tarar an sake cire mini kuɗin wata shekarar ba tare da na lura ba.

Ɗan Kwaleji:
Allah Ya ba ki haƙuri Yaya. Amma ni da na lissafa, kuɗin shekara ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, kusan kamar an ba ka wata biyu kyauta ne.

Uwar Tagwaye:
A manhajar da na biya babu wannan rangwamen, bambancin bai taka kara ya karya ba. Kuma sauƙi ga wa? Wanda shiri ɗaya ya kawo shi, wata uku kawai yake buƙata. Shirin Kaiju No. 8 da ya fara a Afrilun 2024, kashi 12 ne zangonsa na farko, wato kusan wata uku mako-mako.

Tsohon Mai Kallo:
Ƙanena Ɗan Kwaleji, jiya-jiya ka fara kallon irin waɗannan shirye-shiryen, ka bari waɗanda suka daɗe a ciki su ba da shawara.

Ɗan Kwaleji:
Da girmamawa Baba, tambayar biyan kuɗin manhaja aka yi, ba tarihin dodo ba, kuma kai ne ka gaya mana a baya cewa faifai kake saya, ba ka taɓa biyan manhaja ba.

Masoyin Gamera:
Ku yi a hankali, kada faɗanku ya rushe gari kafin dodon ya iso. Ni dai shawarata ka jira. Gamera Rebirth ya fito a 2023 da kashi shida a lokaci guda, na kalle shi cikin dare biyu, kuma labarin ya fi zama a kaina fiye da waɗanda na bi mako-mako.

Mai Neman Shawara:
Na gode ƙwarai. Abin da nake tsoro game da jira shi ne masu tona labari.

Masoyin Gamera:
Nan kam ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Godzilla Singular Point an fara nuna shi a Japan tun kafin sauran duniya ta same shi a Yunin 2021, kuma kafin ya iso gare mu na riga na ga siffar dodon ta ƙarshe a hotunan da mutane suka yi ta yaɗawa. Duk daɗin irin wannan shirin yana cikin lokacin da dodo ya fara bayyana ne, bayan an daɗe ana nuna maka sawunsa da girgizar ƙasa, sai wani ya ɗauke maka wannan da hoto guda.

Uwar Tagwaye:
Masu sharhi a bidiyo sun fi kowa laifi, domin a fuskar bidiyon suke liƙa hoton, ko ba ka buɗe ba ka riga ka gani. Na toshe sunan shirin a wayata, duk da haka sai da ya biyo ta saƙon wata ƙawata.

Tsohon Mai Kallo:
Tallar ma kanta yanzu tona asiri take yi. Ƙanena, wadda ka gani ɗin, sun nuna fuskar dodon gaba ɗaya ko bayansa kawai?